Takardar da na aika daga Kwatano

Shekarun baya, lokacin ƙasarmu ba ta wuce shekara goma da ƴan kai da samun mulkin kanta ba, aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za a tura Dahomai karatun aikin gona. Ni ne na farko a ƙauyenmu, can arewa da Filinge, da ya wuce ƙaramar lakwal, wato makarantar boko ta farko. Ranar tafiyata mahaifina ya raka ni har tasha, duk wanda muka gamu da shi sai ya gaya masa ɗansa za shi bakin teku koyon noma. Mutane suka yi ta dariya, don a yankinmu na Kurfai ba a taɓa jin wanda ya bar gona a gida ya tafi neman noma wata ƙasa ba.

Da na isa na gane dariyarsu tana da dalili. Kwakwar manja aka koya mana, da rogo, da yadda ake janye ruwa daga gona idan ya yi mata yawa. Ni da na tashi inda ake kwana ana kallon sama, ina zaune ina rubuta wannan a littafi da iyakar ƙoƙarina. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, na iya faransancin da ko malamaina sai sun saurara. A raina na riga na zama babban mutum.

Abokina da muke ɗaki ɗaya ɗan ƙasar ne. Shi ya fara kai ni bakin teku, shi ya kai ni gidansu mahaifiyarsa ta cika mini kwano da tuwon masara da kifi mai barkono har ina hawaye. Ban taɓa ganin abinci ya yi yawa kamar a ƙasar nan ba. Ayaba tana ruɓewa a gindin uwarta ba mai ɗauka.

A shekarata ta biyu labari ya fara zuwa cewa damina ta ƙi a gida, karo na biyu a jere. Ba da daɗewa ba jiragen ruwa suka fara sauke jar dawa ta taimako a tashar Kwatano, wadda za a wuce da ita ƙasarmu. Wata ƙungiya ta nemi ɗalibai masu aikin sa kai, na ba da sunana, abokina ma ya bayar duk da ba danginsa ke yunwa ba. Duk Asabar da Lahadi da ranakun hutu muna can, muna ɗinke buhunan da suka fashe, muna ɗora su a jirgin ƙasa mai zuwa Faraku, inda manyan motoci za su kwashe su zuwa arewa. Buhuna ne jibge sun fi gidan sama tsawo. Kafaɗata ta saluɓe, ban damu ba. Ina jin kamar da hannuna nake zuba wa mutanenmu tuwo.

Wata rana wani direba ɗan Bonkuku, can wajenmu, ya yi ta tambaya har ya same ni cikin buhunan. Ya ce mahaifina ya aiko shi. Rumbunmu ya kusa ƙarewa, shanu sun fara faɗuwa. Kawuna, wanda shi ɗan bori ne, ya ce an nuna masa kowa ya tashi ya yi kudu tun ƙafafu na iya ɗauka, kuma gidaje da yawa sun yarda za su bi shi. Mahaifina ya kasa yanke shawara. Ya ce a tambayo ni, tunda ni na yi karatu, ni na san abin da gwamnati ke shiryawa: ya tashi ko ya zauna?

Na kama hannun direban na zagaya da shi cikin tulin dawar, na ce ya duba da idonsa. Ya duba. Na sami takarda na rubuta wa mahaifina cewa kada ya bar gidansa ya je ya zama abin tausayi a ƙasar mutane saboda maganar iskoki. Na ce abinci na nan tafe, ni da kaina nake lodinsa, ba zai wuce wata ɗaya ba. Har da sa hannu na yi irin na ma'aikata, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Da direban ya karɓa sai ya ce mini, "Ɗan lakwal, ni na san inda nike ɗauko kaya, na san inda nike sauke su. Ba kullum ba ne inda anka rubuta."

Na ce masa wannan maganar jahilci ce. Abokina ya ja ni gefe ya ce in ƙara layi ɗaya, in ce idan wata ya wuce ba su ga komai ba su tashi. Na ƙi. Na ce hakan zai sa tsoho ya yi shakka.

Daga nan ban sake samun labari ba. Na ɗauka shirun alheri ne. Da shekarar karatu ta ƙare ƙungiyar ta yi mana walima, aka ba kowannenmu takardar yabo, aka tafa mana. Na sa ta cikin akwati na hau mota zuwa gida.

Ruwan farko ya riga ya sauka da na isa, amma ba kowa a gonaki. Daga Filinge zuwa ƙauyenmu ƙasusuwan shanu ne a bakin hanya. A gidanmu mahaifiyata kaɗai na tarar, tana jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, a tukunya don ɗacinta ya fita. Da ƙyar na gane ta. Ta ba ni ruwa, ta bari na sha, sannan ta gaya mini.

Malamin lakwal ne ya karanta wa mahaifina takardar a gaban mutane. Kawuna ya tafi da iyalinsa da wasu gidaje, mahaifina ya zauna, gida huɗu suka zauna tare da shi don sun yarda da maganata. Duk ranar kasuwa yakan taka zuwa Filinge ya tsaya a bakin hanyar da motoci ke shigowa. Wata ya wuce, na biyu ya wuce. Sau ɗaya aka raba musu dawa, ƴar tiya biyu, wato kwanon awo biyu, kowane gida. Sauran kuwa an ganta a shagon wani mai kuɗi a gari, cikin buhunanta, ana sayarwa. Da zafin bazara ya tsananta ba mai sauran ƙarfin tafiya kudu. Ƙanwata ta fara rasuwa, sai yara a gidajen nan huɗu, sai mahaifina. Yakan ba su rabonsa ya ce ya ci a hanya.

Na tambaye ta ko ya yi fushi da ni. Ta ce, "Ko sau guda. Wanda duk ya ce mishi ya tashi, sai ya ce ɗanshi ya gani da idonai, ɗanshi ba ya ƙarya."

Da ma zagina ta ce ya yi.

Kawuna ya dawo bayan kaka da iyalinsa, sun rame amma ba wanda ya rasu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya. Ya zo ya yi mini gaisuwa, ya ba ni irin gero na shuka gonar mahaifina. Matan gidajen nan huɗu ma suna amsa gaisuwata, sai dai ɗaya daga cikinsu ba ta sake kallon fuskata ba.

Ban koma ƙarasa karatun ba. Abokina ya rubuto mini sau uku, ban amsa ba, don ba ni da abin da zan ce wa mutumin da ya gaya mini gaskiya na ƙi ji. Wannan ma laifi ne da na ƙara a kan wancan.

Mutane sukan ce mini ba ni na ɓoye dawar ba, kuma haka ne. Waɗanda suka ɓoye ta sun tsufa cikin mutunci, wasunsu ma na halarci jana'izarsu. Amma su ba su san mahaifina ba, ba su ce masa ya jira ba. Ni na ce. Na ga farkon hanya na rantse a kan ƙarshenta da ban gani ba, don kawai ina jin daɗin a ce ni ake tambaya. Yau na girmi mahaifina da shekaru masu yawa, kuma har yanzu idan wani ya zo neman shawarata ya ce ai ni na yi karatu, sai in tuna da takardar da na aika daga Kwatano.