Ganyen Bauren Kan Dutse

Ya yi wuya, ba zan ɓoye maka ba. Fatar bayana ta saluɓe, farcen babban yatsan ƙafata ya fita, kwana uku ina salla a zaune. Duk saboda ganye.

Gabas da ƙauyenmu akwai wani dutse, tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonakin hatsi. Ba wani tsawo gare shi na a zo a gani ba, amma jikinsa a miƙe yake kamar bangon rumbu. Hanya guda ce, wata tsaga da ta raba shi tun daga gindi har kai. Can bisa akwai ɗan baure, shi kaɗai ne a duk karkararmu. Wanda ya ce ya hau, to ya kawo ganyensa. In babu ganye, ƙarya yake.

Kakanmu ya hau yana saurayi. Bayan shi ba wanda ya hau a gidanmu sai ɗan gwaggona, taubashina. Sa'ana ne, wata biyu ma na ba shi.

Ina tuna ranar. An gama yankan hatsi, gari duk ƙanshin sabon kara. Tsoho, kakan namu, yana zaune a rumfa yana tufka igiyar kaba. Sai ga taubashina ya shigo, riga a yage, ganye a bakinsa. Tsoho ya karɓa, ya shinshina, ya soke shi a hularsa. Sannan ya ɗora masa hannu a ka, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wannan nawa ne," in ji shi.

Ina tsaye a gefe da igiyar akuya a hannu. Ya dube ni ya ce, "Kai, ɗebo masa ruwa."

Na ɗebo. Shekara arba'in ke nan, har yau ina jin nauyin ƙwaryar nan.

Kada ka ce ban gwada ba. Na gwada da rani, dutse yana ƙona hannu. Na gwada da damina, yana santsi. In rungume shi, in kama da yatsu, in kai tsawon mutum biyu, in zamo. Tun daga nan taubashina ya laƙaba mini suna, na ƙasa. Kuma ka san taubashi, ba a fushi da shi. Zai faɗa maka a gaban surukanka, kai ma dole ka yi dariya. Da na girma na kama sana'ar ginar rijiya, sai abin ya yi masa daɗi.

"Na ƙasa, ƙasar ma ba ta ishe ka ba, sai da ka shige cikinta?"

Shi ya zama mai kanti a Tanut, ya yi tumbi, ko jaki ba ya iya hawa sai an tallafe shi. Amma in ana hira a ƙauye, har yanzu shi ne wanda ya kawo ganye.

Bara ina yashe wata tsohuwar rijiya wajen Gangara, matsattsiya, igiya ta tsinke. Kafin a nemo wata na gaji da jira. Na jingina bayana da bango, na tokare ƙafafu da ɗaya bangon, na yi ta turawa har na ga haske. Ina zaune a bakin rijiyar ina haki, sai tsagar nan ta faɗo mini a rai. Ashe duk shekarun nan ina ba dutse gaba, shi kuwa baya yake so.

Da aka yanke hatsin bana na tafi ni kaɗai da hantsi. Na tuɓe takalmi, na shiga tsagar, na ba ta baya. Tura, huta, tura. A tsakiya na leƙa ƙasa, na tuna ina da ƴaƴa bakwai. Na yi salati na ci gaba.

Ba komai a bisa. Iska, kashin ungulu, da bauren nan, ko kafaɗata bai kai ba. Na karyo reshe na sa a baki.

Da la'asar na shiga mota zuwa Tanut, na ajiye masa reshen a kan teburinsa. Ya juya shi, ya shinshina kamar yadda tsoho ya yi, ya fashe da dariya.

"Na ƙasa! Da furfura? Yaya ka yi?"

"Da baya na hau," na ce.

"To da me za ka hau? Ai tsoho ya gaya mini tun kafin in je. Ya ce in yi kamar mai fitowa daga rijiya." Ya dube ni. "Kai bai gaya maka ba?"

Na ce ya gaya mini, mantawa na yi. Na ɗauki reshena na fito.

Na zaci hawan nake yi wa hassada. A'a. Tsoho ya ja shi gefe ya raɗa masa, ni ina can ina ɗaure akuya. Wannan kuma ba dutsen da zan hau in samo shi.

Yau samarin ƙauye ba su san da wani baure ba. Gindin dutsen kawai suke zuwa, su ɗaga waya suna neman rezo, wato sabis. Na nuna wa babban ɗana ganyen, ya ce na maganin me ne.

Washegarin dawowata daga Tanut, da safe, na ɗingisa zuwa maƙabarta. Rairayi ya shafe kaburbura, na dai kintaci wurin. Na yi masa addu'a, na soke reshen a ƙasa.

"Ga shi," na ce. "Ba wanda ya gaya mini."

Na cire hula, na sunkuyar da kai, na ɗan jira. Ba abin da ya taɓa kaina sai rana.