Koren Fenti a Kan Lamba

Har yau ban manta da safiyar da Malam Sambo ya shigo shagona na unguwar Nkembo rungume da injinsa kamar mai ɗauke da jinjiri ba. Lokacin kuɗin man fetur sun cika Libreville, ko'ina ka duba gini ne ke tashi. Ni kuwa sana'ata gyaran injunan hannu masu aiki da lantarki.

Malam Sambo mutumin Garwa ne, mai walda. Ya daɗe yana liƙin murhu da ƙafar gado, sai Allah ya kawo masa aikin ƙofofin wani sabon bene a unguwar Glass. Ana cikin aiki injin da yake yanka ƙarfe da shi ya yi hayaƙi ya tsaya. Mai ginin kuma ya ce in babbar ƙofa ba ta tsaya kafin Juma'a ba, wani zai ba.

Na kwance injin. A cikinsa akwai 'yan gawayi biyu masu kai wuta ga sandar da ke juyawa. Nasa sun cinye, shi ne ya fasa batirin tocila, ya feƙe gawayin ciki ya sa, yadda mutanenmu suka saba. Gawayin ya yi ta tartsatsi har ya ƙone sandar.

"Malam Idi, a yi masa dabara mana," in ji shi.

"Ai dabara ce ta kawo mu nan, Malam. Yanzu sai na kamfani."

Muka shiga tasi, muka bi bakin ruwa zuwa shagon wakilin kamfanin. Matar da ke tsaron shagon ta fito da sanduna iri biyu, ido ba ya raba su. Ta ce sai mun ba ta lambar da ke jikin injin, don in aka sa wadda ba tasa ba, haƙoran ciki za su cinye juna.

Nan fa ake yin ta. A wurin gini kowa yana shafe kayan aikinsa da fenti don kada su bi wani gida. Malam Sambo mutum ne mai son cika aiki, ya mulke nasa da kore tas, har da ɗan farantin lambar. Garin neman gira an rasa ido. Na dube shi, gumi na bin gemunsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Da farko ya zaro wuƙa zai kankare, na riƙe hannunsa, don wuƙa da lambar za ta tafi. Matar ta ara mana tsumma da ruwan narka fenti. Muka tsuguna a ƙofar shago ina gogawa a hankali, shi yana ta salati, har lambar ta fito sarai. Ta miƙo sandar da gawayinta na asali tana dariya.

Kafin la'asar na haɗa. Da na kunna, ƙarar ta fito sumul, babu tartsatsi. Ƙofa ta tsaya ranar Alhamis, daga ita kuma aka ba shi tagogin benen duka.

Bayan Sallah ya leƙo shago. Ya sake shafe injin da kore, amma ya zagaye farantin ya bar shi fes.

"Na bar masa fuskarsa," ya ce.

Ku da kuke koyon aikin nan, abin da na ɗauka ke nan: mutanenmu ba ƙin kayan kamfani suke yi ba, dabara ce ta raine su, da ita suka saba. Kada ku yi musu faɗa, ku nuna musu sau ɗaya. Duk injin da ya fito daga wurin Malam Sambo tun ranar, kore ne, amma da fuskarsa.