Ɗinkin da Tsoho Ya Yi wa Motar Yayana

Shekarun baya, lokacin ina da ƴar rumfar walda a bakin kasuwar Isa, ina jin kaina ƙwarai. Ƙofa, taga, amalanke, garmar shanu, duk abin da aka kawo in dai ƙarfe ne ba na cewa a'a. Har nakan ce wa mutane ƙarfen da zai gagare ni ba a haƙo shi ba tukuna.

Yayana yana da mota a-kori-kura. Ta tsufa, amma da ita yake ciyar da gidansa da na mahaifiyarmu. A kakar wata shekara kawunmu na Gatawa ya aiko cewa ya yanke gero ya ɗaure, kuma hankalinsa bai kwanta da barinsa a ƙauye ba, don ƴan bindiga sun fara ƙona rumbuna a ƙauyukan kusa. Yana so a kwashe masa zuwa gidanmu cikin satin. Yayana ya yi sawu ɗaya lafiya. A na biyu, wajen tsallake wani kwazazzabo, cikin motar ya daki dutse, kwanon da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin inji ya tsage. Da igiya aka jawo ta gida.

Makanike ya kwance kwanon, ya ce na alminiyam ne. Babu irinsa a Isa, an buga waya Sakkwato ba a samu ba, na Kano kuma sai bayan sati biyu. Geron kawu ba zai jira sati biyu ba. Sai na ce, "Yaya, kawo shi nan. Yanzu za ni ɗinke shi."

Makaniken ya ce kada in taɓa. Na yi kamar ban ji ba.

Na kunna injina, na ɗora wuta, ina jiran in ga wurin ya yi ja kamar yadda na saba. Bai yi ja ba. Na ƙara wuta. Ban ankara ba sai wurin ya lotsa ya rufta, ya bar rami wanda babban yatsana zai shige. Yayana ya ɗaga kwanon, ya leƙo ni ta ramin, ya ce, "To madalla. Dâ tsagewa ta, yanzu mun samu taga."

Makaniken ne ya ba mu labarin wani tsoho a Sabon Birni. Ya ce ya daɗe yana aiki a ma'adinan Arlit cikin Nijar, da ya gama ya dawo gida da injin waldar agon, wadda ake yi da wata iska ta cikin tulu, ya ajiye shi a garejin gidansa. Ba ya da rumfa, ba ya da allo, sai wanda ya sani. Washegari da sassafe muka hau babur, ina baya rungume da kwanon kamar marar lafiya.

Garejin babu mota a ciki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsabta. Rumfata kowa ya shiga sai ya fita da baƙi a riga, nan kuwa an share daɓen tas, za ka iya yin salla a kai. Ga dogon tulun iska an ɗaure shi da sarƙa a bango, ga injin da wani abin takawa a ƙasa irin na keken ɗinki, ga burusai a rataye kowanne da ƙusarsa.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Da ya miƙo hannu ya karɓi kwanon, na ga hannun yana rawa. Na kalli yayana, ya harare ni. Tsohon ya juya kwanon, ya sa yatsa cikin ramin.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na, Baba."

"Kai mai walda na?"

"Awo, Baba."

"To, yau kai mai wanki na. Ga hetur can."

Sau uku na wanke kwanon nan da fetur. Duk na kawo sai ya shinshina, ya girgiza kai. Bayan na uku ya ɗora shi a kan wuta kaɗan-kaɗan, sai ga baƙin mai yana tsattsafowa daga jikin ƙarfen kamar gumi, ƙarfen da na rantse ya fita fes. Ya sa na goge, ya sake ɗumamawa, na sake gogewa. Ya huda ƴan ramuka biyu a ƙarshen tsagewar don kada ta ci gaba, ya yanke duk inda na ƙona. Na kai hannu za ni ɗauki wani burushi, ya buge min hannu. Ya ce wancan ya taɓa baƙin ƙarfe, ba zai kusanci alminiyam ba.

Yana kankarewa yana min bayani. Ya ce alminiyam yana da wata fata a sama wadda ta fi cikinsa wuyar narkewa, kafin fatar ta saki, ciki ya riga ya zama ruwa. "Kai kana jiran shi yi ja. Shi ba ya ja, ɗana. Ido za ka sa mishi, ba ƙarhi ba."

Har rana ta take ba a fara walda ba. Yayana sai duba waya yake, kawu ya kira sau biyu.

Sannan tsohon ya ce a rufe ƙofa, a rataya tabarma a taga, don ko ƴar iska ta shigo za ta kore iskar tulun daga kan aikin. Aka tada janareta a tsakar gida. Ya miƙo min wani gilashin walda na biyu, ya ce in tsaya bayan kafaɗarsa, kada in yi magana. Ya zauna, ya jawo wani guntun katako ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kai, ya ce Bismillah, ya taka.

Na saba da walda mai tartsatsi da hayaƙi da ƙauri. Wannan babu ko ɗaya. Wata ƙara ce kawai kamar ta taron zuma. Ta cikin gilashin na ga fatar ƙarfen tana washewa, sai ga wani ɗan tafki kamar ƙwayar wake ya bayyana, yana sheƙi kamar madubi. Hannunsa na hagu ya kawo siririyar sandar alminiyam ya tsoma, ya janye, ya matsa kaɗan, ya sake tsomawa. Ƙafarsa tana ƙara wuta tana ragewa. Hannu biyu da ƙafa ɗaya, kowanne da aikinsa, babu mai shiga na wani. Hannun da na gani yana rawa da safe, wallahi ko motsin banza bai yi ba. Ramin da na yi ya bi shi ta gefe-gefe, yana zagayawa yana ginawa, har ya rufe. Sannan ya ɗaga ƙafa.

Da na cire gilashin na ga ɗinkin, fari tas, a jere kamar kitson da gwana ta yi. Yayana ya ce, "Subhanallahi."

Muka yi azahar, kwanon ya huce, tsohon ya cika shi da kalanzir ya ɗora a kan farar takarda. Muka zauna muna kallo. Takarda ba ta jiƙe ba. Kafin la'asar muna hanya, kuma cikin kwana uku yayana ya kwashe geron kawu kaf.

Na koma wurin tsohon sau da yawa bayan haka, ranakun da babu kasuwa. Ya koya min abin da ya samu, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ina ɗan taɓawa, aikina ba ya yoyo, amma ban taɓa fitar da irin nasa ba. Abin da na fi riƙewa shi ne, in aka kawo min abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba tun kafin in kunna inji.

Motar kuwa yayana ya sayar wa wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar. Bara, wata Juma'a, na gan ta a tashar Isa cike da buhuna. Ban san lokacin da na kwanta na shige ƙarƙashinta ba, da farar shaddata. Direban ya zo a guje yana cewa, "Malam, lahiya? Mi kake nema?"

Na ce masa ya sunkuyo ya gani. Duk jikin injin ya yi baƙi da mai da ƙasa. Na sa hannun riga na goge wurin, ɗinkin ya fito, bushe ƙarau. Direban ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wane kamfani ne ya yi.

Na ce wani tsoho ne a Sabon Birni, ya sa shi a addu'a.