Gwaggo Rakiya da Autar Guntuwa

Duk wanda aka haifa a lungunmu na Ƙofar Marusa, hannun Gwaggo Rakiya ya fara sani kafin na ubansa. Ita ke wanke jariri, ita ke tsaya wa mai jego kan ruwan zafi da kunun kanwa. Hannunta akwai albarka, amma bakinta, wa'iyazubillahi! Kuma duk duniya ba abin da ta tsana kamar fida, kwalbar nan ta shayar da jarirai. Robar 'yan gayu take ce mata.

Ni Zulaihat, da katanga ɗaya ta raba mu, na ɗanɗana kuɗata. Da na haifi Hajara nono ya ƙi zuwa. Na sha kunu, na sha jiƙe-jiƙe, shiru. Yarinya sai ƙanƙancewa take a hannuna, na sa aka sayo fida. Ranar suna, gida cike da mata, Gwaggo ta ɗaga fidar da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera.

"Ku gane mani! Yo ko akuya ta san abin da Allah ya yi mata nono dominsa."

Aka kwashe da dariya. Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Ban rama ba, amma na ajiye maganar, bayan yaye kuma na ajiye fidar a ƙasan kwalla.

Ana nan sai ɗanta Sada, direban babbar mota, ya kawo mata tsarabar akuya daga kudu, irin gajerun nan masu ciki kamar tulu. Ta sa mata suna Guntuwa. Kowa ya raina ta, sai ga Guntuwa ta zubo 'ya'ya huɗu reras. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta raɗa masu suna Hassana, Usaina, Gambo da Auta. Sai da murna ta lafa ta lura da abin da ke nan: baki huɗu, nono biyu.

Manyan uku ba su da kunya ko kaɗan. Su ture, su tsotse hantsar tas, su bar Auta tana zagaye tana kama gwiwar uwar. Gwaggo ta kife su da kwando, suka kifar da kwandon. Ta ƙara wa Guntuwa dusa da harawa, ƙarin ya tafi cikin Gambo. Ta gwada ba Auta madara da cokali, ta ƙware. Ta tsoma tsumma, Auta ta nemi haɗiye tsumman. Ƙarshe ta kai ta gidan Malam Haruna, mai jar akuya da ɗa guda, wai ta riƙe mata. Jar akuya ta sansana Auta, ta kalli Gwaggo, ta ja da baya, ta tunkuɗa ta cikin kwatami.

Duk wannan ina kan turmi ina leƙe ta katanga, kuma wallahi na more dariya.

Amma da Auta ta daina kuka sai dariyar ta ƙare mani. Ko tsayuwa ba ta iyawa. Na ga Gwaggo ta naɗe ta cikin zanenta, ta ɗora bisa cinya, tana hura mata iska a kunne. Tuwonta na gefe ya huce ba ta taɓa ba.

Da hantsi sai ga sallama. Gwaggo ce, da ƙunshi a hannu, kan Auta ya langaɓe daga ciki. Ina kwana, lahiya lau, ya maigidan, ya yara, ya mutanen Gobarau, ya ƙafar kakata da ta daɗe da warkewa. Gaisuwa ta ƙare, ta sake ɗauko ta daga farko.

"Ɗiyata," ta ce, idonta na kan randa, "abin nan yana nan?"

"Wane abu, Gwaggo?"

"Robar nan."

"Bokiti? Ko buta?"

"Ke Zulai, ki ji tsoron Allah."

"To ni mi na sani? Faɗi sunanta."

Ta kau da kai. "Hida," ta ce, can ƙasan maƙoshi.

Maganar da na yi shekaru ina wasawa tana bakina, saura in sake ta. Sai na ga hannun da ke riƙe da ƙunshin yana rawa, hannun da bai taɓa rawa da jaririn kowa ba. Na tashi na buɗe kwalla.

Na ɗumama madara, na nuna mata yadda ake ɗiga ta a bayan hannu a ji zafinta. Muka buɗe bakin Auta da ƙyar. Shiru. Can sai ta kama, wutsiyar nan ta fara kaɗawa, madara na sauka. Gwaggo ba ta ɗago ba, hawaye na ɗiga kan zanen.

"Zulai," ta ce, "ashe ba gayu ba ne. Ashe tsoro ne."

Na ce, "Tsoro ne, Gwaggo." Muka zauna muna kuka mu biyu, akuya na shan madararta.

Auta ta rayu, ta yi ƙiba, ta kuma tona asiri, don duk gidan da Gwaggo ta shiga wankan jego tana biye tana kiran abincinta. Kwanan baya a sunan Rashida, matar ƙanen mijina, na ga mai jegon na tura wani abu ƙarƙashin mayafi da ta hango Gwaggo. Gwaggo ta miƙa hannu ta zaro fida. Rashida ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ɗiga a bayan hannunta, ta yamutsa fuska.

"Haba! Wannan ai ta huce. Wa ke ba jariri madara da sanyi? Zulai, tashi ki ɗumamo mata."