Fiffiken da Bai Karye Ba

Kullum bayan sallar asuba Malam Bamalli Mu'azu yakan buɗe ɗakin tantabarunsa, ya watsa musu gero, ya tsaya yana kallon tashinsu da saukarsu. Makanikin jirgin sama ne da ya yi ritaya. Ƙuruciyarsa ta ƙare a zirga-zirga tsakanin Suleja da filin jirgin Abuja, yana duba fiffike da wutsiyar jirage. Da ya ajiye aiki sai ya ɗora wa kansa wani, ba wanda ya sa shi: duk lokacin bitar maniyyata, in malamai sun gama bayanin harami da ɗawafi, sai ya miƙe da tantabara a hannu. Da farko dariya muke yi masa.

Dariyata ta tsaya shekarar da mahaifiyata, Inna Asama'u, ta ce ta fasa Makka. Wata maƙwabciya ce ta rantse mata cewa da idonta ta ga fiffiken jirgi ya kakkarye ana shirin sauka, Allah ne kawai ya tsare. Ga tsufa, ga ciwon gwiwa. Na san in Inna ta bar kujerar nan, da wuya ta sake samun ƙarfin zuwa. Mun yi lallashi har muka gaji.

Malam ya tako har gida da tantabara a hannu. "Hajiya, maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba," in ji shi, "fassarar ce ta kuskure." Ya ware fiffiken tantabarar. "Iskar da ke bi ta sama da ƙasan fiffike ita ke ɗauke da jirgi. In zai yi kwana, gefen wannan fiffiken ya ɗaga, na wancan ya sauka, sai ya karkata. Wutsiya ce ke ɗaga hancinsa ko ta sunkuyar da shi. In za a sauka kuwa dole a rage gudu, sai matuƙi ya zazzago da bayan fiffiken, ya ƙara masa faɗi, don iska ta ci gaba da riƙe shi."

Ya saki tsuntsuwar. Ta zagaya, ta baza fiffike da wutsiya, ta dira kan katanga.

"Ta karye?" in ji Malam.

"Ita wannan ai Allah ne ya yi ta," in ji Inna.

"Shi ya yi iskar ma, Hajiya, Shi ya ba ɗan Adam basirar kwaikwayo."

Hajiya Mardiyya ta Lambata, wadda ta zauna kusa da Inna a jirgi, ita ta ba ni sauran labarin. Da fiffike ya buɗe ta ƙwalla salati, sai Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, tantabara ce za ta sauka."

Kai ne, Malam, ba ka taɓa raina tsoron tsohuwa ba. Bana idonka ya yi rauni, ka ce wannan ce bitarka ta ƙarshe, kuma raina ya sosu. Wanda duk ya san wani abu a garin nan, ya daure ya fito da shi inda masu tsoro suke, kamar yadda ka yi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Inna ta ce in gaya maka ta ambaci sunanka a Arfa, har da tantabarar.