Takardun da Na Ƙona, Malam Spas

Malam Spas Gerginov ya rasu ranar Talata, huɗu ga Maris, a gidansa na bayan tashar jirgin ƙasa. A jikin bishiyar ƙofar coci na ga sanarwar da hotonsa. Na tsaya na karanta ta da kaina har ƙasa, kuma shi ne ya koya mini karatun. Jama'ar garinmu, ku yi mini afuwa, ban ko gaishe ku ba. Ni ne Tsonko, tsohon gandiroba.

Malam, kowa ya san ka a ajin yamma, inda ka koyar da mu manya kyauta shekara ashirin. Kaɗan ne suka san inda ni da kai muka fara haɗuwa. Kana ɗaure saboda wata wasiƙa da ka rubuta wa hukuma, ni kuma ina riƙe da makulli. Ku goma sha huɗu a ɗakin mutum shida, bokiti ɗaya a kusurwa, bango yana tsattsafo da ruwa duk lokacin sanyi.

Aikina ne in karɓi takardun koken fursunoni, in karanta wa shugaban gidan yari kowace Litinin. Ban iya karatu ba. Sa hannu kawai na koya a soja, da shi na sami aikin. Don kada asirina ya tonu, sai in cusa takardun a murhun ofis, in ce babu koke.

Sau tara ka miƙo mini takarda ta ƙofar ƙarfe a sanyin waccan shekarar. Tsoho Yordan, mai kwana kusa da bokiti, yana tari da jini. Likita kake nema masa, da bargo na biyu. Barguna suna jibge a sito, makullin yana ƙuguna. Ya mutu kafin ƙanƙara ta narke.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yamma, sai na tarar kai ne a gaban allo. Na juya zan fita. Ka ce, "Yallaɓai, yau kai ne a ciki, ni ke da makulli. Zauna." Aka yi dariya, na zauna. Ka riƙe hannuna a kan fensir kamar na yaro. Ka kawo mini tabarau na mahaifinka da ka ga ina matse ido.

Ranar da na karanta shafi guda ba tuntuɓe, ka ce mini a hankali, "Tsonko, a kife kake riƙe takarduna. Da ka tambaye ni, da na karanta maka." Na sunkuyar da kai. Shekara talatin muna gaisawa a kasuwa, ban taɓa buɗe baki na nemi gafararka ba, balle ta iyalin Yordan. Yau na rubuta, da haruffanka, inda kowa zai gani.

Kwana biyu bayan binne ka, surukata Radka ta haifi namiji, jikana na fari. Ina murna har ina jin kunyar murnar. A al'adarmu sunana zai ci. Na ce wa ɗana a'a. Ya ce, "Baba, me mutane za su ce?" Na ce su zo su tambaye ni, zan ba su labarin murhu. An raɗa masa Spas.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya ba ka wuri mai faɗi da iska da haske. Ya jiƙan Yordan. Inna Nedyalka, matar Malam, da ke da 'ya'yanki Velin da Zornitsa, Allah ya ba ku haƙuri. Idan kun ƙi amsa gaisuwata bayan wannan, ba zan ga laifinku ba.

Ranar arba'in ɗin Malam zan kai dafaffiyar alkama da kyandir kabarinsa, bisa al'adarmu. Bayan 'yan kwanaki jaririn zai cika arba'in, a fito da shi. Gidana shi ne mai koren ƙyaure kusa da gada, ba makulli a jikinsa. Ku zo duka, har waɗanda na taɓa kullewa, ku ga Spas ƙarami.