Kujerar da Ta Isa Zugu

Shekara tara motata ta yi a ƙofar gidanmu a Zongon Kutonu, amma in aka haɗa kwanakin da ta taka titi, ban ce sun cika wata shida ba. Na saye ta daga wani Bature da ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar a farkon mulkin juyin juya hali. Tsohuwa ce ƙirar Faransa, lafiyarta lau, ba ta tari ba ta atishawa. Ni ne dai na dube ta na ga ba ta yi mini ba.

Ni ba bakanike ba ne. Malamin sito ne ni a bakin tashar jirgin ruwa, aikina rubutu. Amma ranar Lahadi da na sallame asuba sai in sa wani tsohon wando in shige ƙarƙashin mota, ba a sake ganin fuskata sai azahar. Na canja mata salansa har ta riƙa gurnani, na rage mata tsayi, na sa mata ham mai murya uku, na ƙara fitilu biyu a goshi. In aka ce an ga wani ƙarfe a garejin Akpakpa, ƙafa nake takawa in haye gada in je in gani. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a ƙarƙashin motar nan ban ji shi ko'ina ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar Zugu ce, can arewa. Aure ya kawo ta bakin teku, ta bar yayarta guda ɗaya a gida, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifinmu ba ta koma ba, don ƙugunta ba ya jure bencin motar haya. Ranar da na kawo motar ta zagaya ta sau biyu, ta shafa ƙofa, ta ce ashe Allah zai nuna mata Yaya. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce da kaina zan kai ta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, daga ranar ta raɗa mini Mai Mota.

Abu na farko da na yi dominta shi ne kujera. Na cire ta gaba na kai wa wani mai ɗinkin katifa a unguwar Jonke, ya cusa mata audugar rimi, ya ɗaga bayanta daidai ƙugun Inna, na sa aka lulluɓe ta da jar fata. Ta zauna ta gwada, ta ce ko gadonta bai kai wannan ba. Na ce saura kaɗan, in na gyara birki mu kama hanya.

Kuskurena shi ne fenti. Ja wur na fesa mata, don ya dace da kujera. Shugaban kwamitin juyin juya hali na unguwarmu, wani mai sayar da goro da muka yi makarantar allo tare, ya zo ya tsaya a kanta yana jinjina kai. Ya ce kamarad, lallai ka fahimci tafiyar, ja ai launin juyin juya hali ne. Kashegari aka aiko a ari mota za a ɗaura mata lasifika a yi shelar taro. Wa ya isa ya hana a wancan zamani? Sau uku suna ɗaukarta. A na ukun ta dawo da rufi a lotse, da sawun takalma a kan kujerar Inna, ko sannu babu.

Haushi ya sa na ɗora ta a kan bulo, na kwance tayoyi, na fitar da inji na baje a zaure. Duk wanda ya zo aro sai in nuna masa in ce ga ta nan, kamarad, babu piyes, wato kayan gyara, a ƙasa. Dabarar ta yi aiki, har na riƙa yi wa kaina kirari. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, mota a kwance ta fi mini daɗi fiye da mota a tsaye. In tana tsaye sai a tuƙa ta kawai. In tana kwance kuwa kullum da abin taɓawa.

Inna ba ta da mita. Duk bayan damina takan tambaya sau ɗaya, tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, ko bana da rabon tafiya. Ni kuma ban taɓa rasa amsa ba. Bana kwamiti ne, baɗi an rufe iyaka ba a samun kaya, wata shekara na samo wani karbireta da zai sa mu isa kafin la'asar. Shugaban kwamitin ma an sauke shi ya koma kan goronsa, ba mai neman motata, amma ban sauke ta daga bulo ba. Fataken shanu da ke sauka a gidan maƙwabcinmu sukan kawo gaisuwa daga Zugu. Wata shekara suka ce idon Yaya ya fara hazo, na ji da kunnena, na koma na ci gaba da wanke fulogi.

Wata Lahadi ina kwance ƙarƙashin mota sai na ga ƙafafun Inna cikin takalmin fita, ga ƙullin kaya a gefe. Na jawo jiki na fito. Ashe ta gama magana da direban wani kamiyon, irin babbar motar nan ta ɗaukar shanu, da zai koma arewa ba kaya, ya ce zai ba ta wuri a gaba. Na hau rantsuwa, na ce ta ba ni sati biyu kacal.

"Mai Mota, ban ce ka yi mini ƙarya ba," in ji ta. "Kai ma ka yarda za ka gama. Ciro mini kujerata kawai."

Na ciro. Na ɗauke ta a ka har inda kamiyon yake, mutanen unguwa suna kallo, da sun zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Direban ya fitar da bencinsa, muka ɗaure kujerar da igiyar shanu. Motar tana warin kashi. Inna ta hau, ta gyara mayafi, ta sa mini albarka kamar ba abin da ya faru.

Da na dawo gida na hau haɗa motar cikin fushi, da nufin in bi ta in dawo da ita a mutunce. Kwana huɗu na yi. Ran na huɗu na murza makulli ta tashi a bugu ɗaya. Na zauna a ciki inji yana ta gurnani, ina kallon ramin da kujera ta bari, na tsani kaina ƙwarai. Aikin kwana huɗu ne na ja shi shekara tara.

Kafin in sami izinin fita daga wurin aiki direban ya dawo da wasu shanun, ya neme ni har gida. Ya ce sun isa lafiya, amma Yaya ta makance tun daminar bara waccan. Da hannu ta lalubi fuskar ƙanwarta. Inna ta ce a gaya mini kada in wahalar da kaina, ba za ta dawo ba, za ta zauna ta riƙe wa Yaya sanda.

Ban je Zugu da motar ba, kunya ba ta bar ni ba. Na ba wani mai jigilar fatu ita, na haɗa masa da sifanu da jak da duk tarkacen zaure, na ce kada ya biyo da ita ta layinmu. Har yau in na ji ƙarar salansa irin tata sai in tsallaka titi.

Da ƙaramar salla na je a motar haya, a kan benci. Na tarar da su biyu a ƙofar ɗaki, Inna a tabarma, Yaya a kan jar kujera. Da na durƙusa na gai da Yaya sai ta shafa fatar, ta ce Allah ya yi mini albarka, wanda ya yi kujera haka ai motarsa sai an gani. Ta tambaya wane launi ce. Inna ta dube ni, ta ce mata ja ce.